Yadda Muka Fito da Mutum Shida Daga Cikin Kacala

Tun da na dawo daga Haɗeja ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a majalisarmu ta bakin kasuwa a tare ni, har mai gyaran babur na layinmu ya ce wai ya ji an ce na shiga jirgin da ba shi da matuƙi na tashi sama. Na gaji da gyara labarin wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isiyaku, mutumin Zariya ne ni. Aikin da na yi har na yi ritaya shi ne gyaran ƙananan jiragen sama, irin masu feshin maganin tsuntsu a gonaki. Tun ina aiki nake cikin wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan sa-kai masu neman mutanen da suka ɓata. A da, in aka ce kwalekwale bai iso ba, ko matafiya sun yi ɓatan kai a daji, sai mu roƙi aron jirgi. Matuƙi ya ja, ni kuma in zauna gefen taga ina leƙen ƙasa. Mu miƙe, mu juyo, mu sake miƙewa kamar masu huɗa a gona, har mai ya kusa ƙarewa. Wani lokaci mu dace, sau da yawa kuma mu sauka ba mu ga komai ba. Akwai shekarar da muka yi kwana uku muna shawagi a kan fadamar Haɗeja muna neman wani kwalekwale, ba mu gan shi ba. Sai da ruwa ya janye masunta suka tsinci abin da ya rage. Ba na son yawan tuna wannan.

Ƙarshen daminar nan, ruwa ya cika fadama, sai Injiniya Bilkisu ta kira ni. Ita ce ke riƙe da kayan aikin ƙungiyar yanzu, mace ce mai 'ya'ya uku, ba ta da yawan magana. Ta ce an samu wasu ƙananan na'urori da za a raba wa masu kwalekwale. In mutum ya shiga hatsari ya danna, na'urar za ta aika da inda yake ta tauraron ɗan'adam, wurin ya fito a kan taswira a kwamfutarta, ita kuma ta tura ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamara kai tsaye zuwa can.

Na ce, "To in na'ura za ta faɗi inda mutum yake, ni tsoho mai leƙe ta taga me zan je yi?"

Ta ce, "Baba, kai kaɗai ne a cikinmu ka taɓa ganin wurin nan daga sama. Ka zo ko don ka taya ni gardama da mutanen gari."

Na haɗa 'yar jakata.

Mu uku muka tashi, ni da ita da Sale direba, a wata tsohuwar a-kori-kura da muka cika da akwatuna da batura da ƙaramin janareta. Muka ratsa Kano da sassafe, muka ɗauki hanyar Ringim. Wajen iyakar jiha jami'an tsaro suka tsayar da mu a shinge. Da suka buɗe akwati suka ga jirgi mai fukafukai huɗu a kwance cikin soso, sai maganar ta yi tsawo, kuma da gaskiyarsu. Bilkisu ta fito da takardun izini ɗaya bayan ɗaya, babbansu ya karanta kowacce har ƙasa. Da ya gamsu sai ya ce shi ma ɗan bakin kogi ne, a nuna masa yadda abin yake tashi. Ta ce batir na masu ɓata ne, ba na kallo ba. Ya yi dariya ya ɗaga mana shinge, ya ce Allah ya sa kada a buƙace shi.

Daga Gujungu zuwa ƙasar Kaugama sai muka fara ganin aikin ruwa. Gonakin shinkafa sun nutse, kan zangarniya kawai ake hange. Mutane sun baje hatsi da tabarmi a gefen kwalta saboda nan ne kaɗai busasshen wuri. A wani kwari ruwa ya hau titi, Sale ya ce ya san hanya, ya danna. Tsakiyar ruwan motar ta yi tari ta mutu. Na naɗe wando na sauka, wasu magidanta da ke jiran mota suka taya mu turawa. Takalmina ɗaya ya tafi a wurin, har yau ban san inda ya nufa ba. Da silifas na shiga Haɗeja.

Mun kwana gidan wani ɗan'uwan Sale a cikin gari. Abin da na fara lura da shi shi ne mutanen nan ba sa gaisuwa su tsaya a kan gajiya da iyali kamar mu. Bayan "ina kwana" sai "yaya ruwa," kuma ba ruwan sama suke nufi ba, kogi suke nufi. Kowa ya san inda ruwan ya kai jiya a jikin jinga, wato tudun ƙasar da aka tare gari da shi, kowa kuma yana da ra'ayinsa a kan inda zai kai gobe. Da safe na sa rai da koko da ƙosai, sai ga tuwon shinkafa da miyar kuka, kifi ya fi miyar yawa. Na ce ko ragowar na jiya ne aka ɗumama. Mai gidan ya ce a'a, don mu aka yi, a nan baƙo ba ya fara yini da ruwa-ruwa. A Zariya in ka ga kifi irin wannan a miya, to suna ake yi.

Bayan mun karya muka wuce Kirikasamma, daga can muka saki babbar hanya zuwa wani ƙauye da ake kira Kalgon Ruwa. Nan mota ta ƙare, sauran duniya sai da kwalekwale. Bulama, wato mai garin, ya ba mu aji ɗaya a makarantar firamare, ya sa aka kai Bilkisu cikin gidansa wajen matansa. Sauron garin kuwa ba ya jiran magariba, kuma gidan sauron da na zo da shi bai dame shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kacala. A zamanin da nake shawagi a nan akwai ta, amma ba haka ba. Ciyawa ce mai tsayi, ta fi mutum biyu in an ɗora, ta cinye fadamar har iyakar gani. Masu kwalekwale sun sare 'yan hanyoyi a cikinta kamar lunguna. In ka shiga ba ka ganin komai sai sama. Suka kuma gaya mini cewa wani sashe nata ba ya kafe a ƙasa, yana yawo bisa ruwa, in iska ta taso sai ta turo shi ya rufe lungun da ka shigo ta nan.

Bayan azahar Bulama ya tara masu kwalekwale a gindin wata tsamiya. Bilkisu ta fito da na'urorin. Kowacce ba ta fi sabulun wanka girma ba, ruwan lemo, da igiyar ratayawa a wuya. Nan take wani ya ce, "Ashe laya aka kawo mana," sunan kuwa ya bi ta. Ta nuna musu yadda ake ɗaga murfi a danna a riƙe har fitila ta fara ƙiftawa. Ta rubuta sunan kowa da lambar layarsa.

Ana cikin rabo sai wata dattijuwa ta ratso maza ta tsaya gaban tebur. Hajja Falmata sunanta, fataucin bandar kifi take yi, kusan kullum tana kan ruwa tsakanin ƙauyuka da kasuwanni.

Ta ce, "Ni ma a ba ni."

Bilkisu ta ce, "Hajja, na masu tuƙi ne. Ba su da yawa."

"'Yata, shekarata nawa a ruwan nan? In jirgi ya kife, mai tuƙi ne yake fara faɗawa, don shi ke tsaye. Mu da ke zaune mu ake bari. Waɗannan kuma da kike gani," ta nuna mazan da haɓa, "rabinsu za su adana ta a ɗaki don kada ta jiƙe."

Maza suka yi ta gunaguni. Bilkisu ta dube ni. Na ce mata ni dai a aikina na da, duk wanda ya nace sai an ba shi abu, shi ne yake amfani da shi. Akwai guda biyu da muka ware saboda ko wata za ta lalace. Ta ɗauki ɗaya ta rataya wa Hajja da hannunta.

La'asar ba ta yi ba kwamfuta ta fara kuka. Lamba ta bakwai, ta wani dattijo Baba Modu. Muka zabura. Bilkisu ta tayar da jirgi, gari duka ya fito kallo. Minti kaɗan jirgin ya isa wurin, a bayan gari ne, ba nisa. Sai ga Baba Modu a fuskar kwamfuta, zaune cikin kwalekwalensa a inuwa, ya ɗaga kai yana kallon jirgin, yana cin goro.

Da ya dawo Bulama ya fara yi masa faɗa. Bai ko ɗaga murya ba ya ce, "Baƙi sun sha kawo mana kaya su ɗauki hoto su tafi. Na ce bari in gani ko waɗannan in an kira su suna zuwa. To sun zo."

Bilkisu ta ɓata rai, don batir guda ya tafi a banza, kuma cajinsa aiki ne. Ni kuwa ban ga laifinsa sosai ba. Na lura bayan wannan, mutum uku da suka tura layunsu cikin aljihu sun fito da su sun rataya.

Rana ta uku da tasowarmu ranar kasuwar wani gari ce a hayin fadama. Kwalekwale suka yi ta tashi tun da safe. Wajen hantsi hadari ya taso daga gabas, ba ruwa sosai, amma iskar ta yi ƙarfi har ta yaye kwanon wani aji a makarantar. Ba ta daɗe ba ta wuce. Muna tattara kayan da ta watsar sai kwamfuta ta yi kuka.

Bilkisu ta duba ta ce, "Ta Hajja ce."

Bulama ya ce ta tashi a jirgin wani Ɗanjuma, su shida. Akwai matan Fulani biyu masu tallar nono, da wani tsoho Malam Haruna da ɗansa magidanci, zai kai shi wajen likita saboda numfashi. Bilkisu ta duba lambar Ɗanjuma, shiru. Matarsa da ke cikin taron ta sunkuyar da kai ta ce layar tana rataye a ƙusa a ɗaki.

Ɗigon ya fito a taswira can tsakiyar kacala, nesa da kowane lungu da masu tuƙi suka sani. A zamaninmu, kafin ma a san jirgin Ɗanjuma bai isa ba sai yamma, in 'yan kasuwa sun dawo. Kafin a aiko mana, a samo jirgi, a samo mai, an kwana biyu. Yau ga shi ko rabin awa ba a yi da faruwar abin ba, muna kallon wurin.

Bilkisu ta tayar da jirgi. Iska ba ta gama kwantawa ba, yana tafiya yana tangaɗi. Na ja benci na zauna kusa da ita, muka lulluɓa da zani don hasken rana kada ya hana mu ganin fuskar kwamfutar. Jirgin ya isa daidai kan ɗigon. Ba komai sai kacala, kore shar, iska tana kaɗa ta.

Ta ce, "Nan ne, Baba. Lambobin nan ne."

"Yaushe layar ta yi magana ta ƙarshe?"

"Minti tara. Duk bayan minti goma take sabuntawa."

"To ba nan suke ba yanzu. In a kan mai yawo suke, iska ta tura su yamma. Ɗaga shi sama kaɗan, ki bi iska."

Ta ɗaga. Na ce ta rage gudu. Abin da na koya a shekarun leƙe ta taga shi ne ba a neman mutum, don mutum daga sama ba ya kama da mutum. Ana neman abin da bai dace da wurin ba, layi miƙaƙƙe, ko launi, ko motsin da ya saɓa wa iska. Idanuna ba kamar da ba, sai da na kusa manna tabarau a jikin gilashin. Layar ta sabunta, ɗigon ya yi tsalle zuwa yamma kamar yadda na zata, amma ko a can ciyawar ta rufe komai. Bilkisu ta ce batir ya kai rabi.

Sai na ga wani abu ya yi walƙiya a gefen hoton, ya ɓace, ya sake yi.

Na ce, "Tsaya. Koma hagu. Ruwa ba ya ƙyalli haka, wannan hannu ne ke juya shi."

Ta sauko da jirgin a hankali. Murfin kwanon silba ne, Hajja Falmata ta ɗaga shi sama tana juyawa ga rana. Da kyamara ta matso muka ƙirga kawuna. Shida. Kwalekwalen ya nutse har baki, kacala ce ta riƙe shi bai tafi ƙasa ba. Suna tsaye a cikinsa ruwa har ƙugu, ɗan Malam Haruna ya goya mahaifinsa.

Bilkisu ta ce wa Bulama, "Duk suna da rai." Maganar ta bi taron har baya, mata suka fara salati.

Ganinsu daban, isa wurinsu daban. Baba Modu ne ya fara tura jirginsa ruwa ba tare da an ce masa komai ba, wasu mutum huɗu suka kawo na biyu, babba, aka zuba adduna da lauje da igiya da rigunan ruwa. Bilkisu ta miƙo mini oba-oba, wato rediyon magana na hannu, ta ce dole wani da ya ga wurin daga sama ya bi su. Na ce ban iya iyo ba. Ta ɗaura mini rigar ruwa ta ja igiyar har sai da na yi nishi. Haka na shiga jirgin Baba Modu, ni da shekara sittin da 'yan kai, da silifas.

Dabarar ita ce jirgin sama ya tsaya cik a kan mutanen, mu kuma daga cikin kacala mu riƙa hango shi muna nufarsa. Da farko abin ya tafi daidai. Muka bi lungun kasuwa har inda iska ta toshe shi, daga nan aka fara sara. Wanda bai taɓa saran kacala ba ba zai gane ba. Ka sare ta, ta kwanto maka a ka. Ganyenta yana yanka hannu. A sare, a ja gefe, a tura jirgi taku biyu, a sake. Ni ma na karɓi lauje, ba don na iya ba, don zama haka kawai ya gagare ni.

Sai muryar Bilkisu ta fito a oba-oba. "Baba, batir ya ƙare, zan dawo da shi in canza. Ku ba ni minti goma sha biyar."

Muka ga ɗan baƙin ɗigon da muke bi ya juya ya tafi. Nan take ko'ina ya zama iri ɗaya. Masu sara suka fara gardama, wannan ya ce dama, wancan ya ce gaba. Baba Modu ya ce kowa ya yi shiru. Ya kafa gorarsa ta tuƙi a ƙasa, ya tsinki ganye ya jefa a ruwa, ya kalli inda ya nufa, ya ɗaga kai ya kalli rana.

Ya ce, "Jirgin yarinyar nan a kan kafaɗata ta dama yake lokacin da ya tafi. Ruwa kuma nan yake ja. Ku sara nan."

Aka sara inda ya ce. Da jirgin ya dawo ya tsaya, sai ga shi a gabanmu sak, ya kuma fi kusa. Baba Modu ya dai gyara tsayuwa.

Sau biyu aka canza batir. A karo na biyu Bilkisu ta ce wannan ne na ƙarshe mai cikakken caji, kuma tana ganin tsohon ya daina ɗaga kai. Na faɗa wa masu sara. Ban taɓa ganin mutane sun yi aiki irin na wannan rabin awar ba. Wani ya yanke a dantse, ya ɗaure da hularsa ya ci gaba. Ana haka muka fara jin ƙarar ƙarfe, ana buga murfi a jikin kwano. Muka amsa da kira. Sai muryar Hajja Falmata ta ratso ciyawa, a dishe amma ba rawa a cikinta.

"Ku bi a hankali ta hagunku, akwai kututture. Shi ya fasa mu."

Adda ta ƙarshe ta faɗi, kacala ta buɗe, ga su nan. Ruwan ya kai musu ƙirji. Matan Fulanin nan biyu sun riƙe juna, ƙoransu na nono suna yawo a gefe. Ɗanjuma yana cikin ruwa gaba ɗaya, ya tallafe bakin jirgin da kafaɗa don kada ya ƙarasa juyewa, leɓɓansa sun yi fari. Ɗan Malam Haruna kuwa ya fi awa uku da uba a bayansa, da aka zo karɓar tsohon sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya, sun ƙi buɗewa.

Tsohon aka fara ɗauka. Na kwance rigar ruwa, na cire babbar rigata na lulluɓe shi, na sa kunne a ƙirjinsa. Yana numfashi, sama-sama, amma yana yi. Aka ɗauki matan, aka ɗauki ɗan, aka jawo Ɗanjuma. Hajja ta ce ita ce ta ƙarshe, kuma haka aka yi. Da ta zauna ta fara cire matsattsaku daga ƙafafunta tana jefarwa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Layar tana wuyanta, fitilar tana ta ƙiftawa.

Ta dube ni ta ce, "Malam, yaya ake kashe abin nan? Kada ya ƙare a banza."

Na nuna mata. Sannan na danna oba-oba na ce, "Injiniya, shida. Duk suna cikin jirgi."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi. Baba, ku taho, zan sauke shi kafin ya faɗo."

Dawowa ta fi sauƙi tunda hanya a sare take. Tun kafin mu fito fili muke jin guɗa. Mutanen gari ba su jira mun iso gaɓa ba, maza suka shigo ruwa har gwiwa suka ja jiragen da hannu. Aka kawo barguna da ruwan zafi da kunu. Bulama ya rungume Baba Modu, mutumin da ya yi wa faɗa jiya. Ɗanjuma bai tsaya shan kunu ba, ya wuce gida da jiƙaƙƙun kaya, ya dawo da layarsa a wuya, ya zauna gefe bai kalli kowa ba. Bilkisu tana zaune a kan benci, matan Bulama sun kewaye ta suna yi mata fifita. Mijin ɗaya daga matan Fulanin ya iso daga ruga da ƙwaryar kindirmo, ya rasa wa zai ba, sai ya ajiye ta gaban akwatin jirgin.

Malam Haruna ya farfaɗo bayan an gasa masa jiki, amma numfashin bai daidaita ba, don haka aka yanke shawarar a kai shi asibiti a Haɗeja tun rana ba ta faɗi ba. Sale ya sauke kaya daga bayan mota aka shimfiɗa katifa. Ni da ɗansa muka zauna tare da shi, Bilkisu ta tsaya a garin don ta ƙarasa koya wa mutum biyu da Bulama ya zaɓa yadda za su riƙa karɓar kiran layu a waya bayan mun tafi.

Mun ɗan yi nisa sai tsohon ya buɗe ido ya kama hannuna.

Ya ce, "Malam, wanda ke cikin jirgin nan da ya tsaya a kanmu, ina son in gode masa. Rana ta dake shi, bai tafi ba. Ya tafi ma ya dawo."

Na ce, "Baba, ba kowa a ciki. Ƙarami ne, bai kai faifai biyu ba. Daga gari ake sarrafa shi."

Ya ce, "To wa zan yi wa addu'a?"

Na fara lissafa masa. Hajja Falmata da ta danna. Injiniya Bilkisu da ta tuƙa. Baba Modu. Masu sara su huɗu, na faɗi sunayen biyu, ɗansa ya cika sauran. Ɗanjuma da ya tallafe jirgi. Ɗansa da ya goya shi. Ya ce in ƙara da kaina, na ce to. Ya tambaya ko na san waɗanda suka ƙera layar, na ce ban san su ba, mutanen wata ƙasa ne mai nisa. Ya ce ba komai, Allah ya san su.

Daga nan har muka shiga Haɗeja addu'a yake yi, mutum ɗaya-ɗaya, da sunansa da na iyayensa in ya sani. Numfashi ya yanke masa ya tsaya, ya huta, ya ɗora daga inda ya tsaya. Ɗansa ya ce ya bari sai ya samu sauƙi, ya ɗaga masa hannu. Sale ya rage gudu a ramuka don kada ya katse shi. Muna tsayawa ƙofar asibiti yana kan mutanen da suka ƙera layar, ma'aikata suka zo da keken marasa lafiya, ya ce su dakata. Suka dakata har ya shafa.

Kwana biyu bayan haka muka biya ta asibitin a hanyarmu ta komawa. Mun same shi zaune yana cin tuwo, yana yi wa ɗansa faɗa a kan miyar ba kifi.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba ƙari. Ban tashi sama ba, a cikin kwalekwale na yi aikina, da lauje a hannu. Wanda bai yarda ba ya zo majalisa bayan la'asar, tafin hannuna bai gama warkewa ba.